Abin da ke kayar da ɗalibi a jami'a: jawabi ga iyaye da ɗaliban Minawao

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin malaman sashen ilimi ya gabatar a taron iyaye da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa.

Shugabannin unguwanni, limamai da fastoci, iyayena maza da mata, ƙannena ɗalibai. Na san wasu sun baro girki, wasu sun baro layin ruwa, saboda haka zan tafi kai tsaye.

Idan yaro ya samu gurbi a jami'a, murna ake yi a sansanin nan kamar an yi haihuwa, kuma ya cancanta. A lissafin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2019 matashi ɗaya ne kacal cikin ɗari na 'yan gudun hijira ke karatun gaba da sakandare a duniya. Zuwa 2023 an kai kusan bakwai cikin ɗari, burin hukumar kuma a kai 15 cikin ɗari nan da 2030. To kun ga duk wanda ya shiga daga cikinmu ƙofa ce ƙarama ya bi. Abin da ba mu cika faɗa a fili ba shi ne, wasu suna shiga, shekara ɗaya ko biyu sai ka gan su sun dawo shiru, babu takarda, babu bayani. In ka tambaya a ce kuɗi ne. Wani lokaci kuɗin ne. Amma sau da yawa karatun ne ya fara kayar da yaro tun kafin aljihu ya ƙare. Maganar kuɗi da masauki za mu yi ta a wani zama. Yau karatun kansa nake so mu duba.

Zan fara da harshe, domin shi ne babban rami. Yawancin yaranmu sun bi ɓangaren Ingilishi ne, sun rubuta jarrabawar GCE. Jami'ar da ta fi kusa da mu kuwa ita ce ta Marwa, wadda aka kafa a 2008, kuma mafi yawan malamanta da Faransanci suke koyarwa. Kamaru ƙasa ce mai harsunan hukuma biyu, gaskiya ne, amma malami idan ya hau gaban allo da harshen da ya fi sabawa yake magana, ba zai tsaya ya fassara wa mutum biyar a cikin ɗaruruwa ba. Jami'o'in da ke koyarwa da Ingilishi zalla su ne na Buea da Bamenda. Tafiya ce mai nisa, kuma kun san halin da yankin ya shiga tun 2016.

Wani ɗalibi zai ce mini, “Malam, ai ina jin Faransanci.” E, kana jin na kasuwar Mokolo, kana iya ciniki, kana iya yi wa jandarma bayani a shingen hanya. Faransancin ɗakin lakca daban ne. Malami zai yi sa'a biyu yana magana ba tsayawa, kai kuma kana saurare, kana fahimta, kana rubutawa, duk a lokaci guda. Wanda sai ya juya kowace jimla a kansa zuwa Ingilishi, daga nan zuwa Hausa ko harshen gida, kafin ya gama da jimlar farko malam ya wuce ta biyar. A ƙarshen mako littafinsa cike yake da rabin jimloli. Ranar jarrabawa kuma, wataƙila ya san amsar, amma kalma ɗaya a cikin tambayar ta ɓace masa, sai ya amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Kada ku ɗauka Ingilishin ma an gama da shi. Yaron da ya tashi da Kanuri ko Mafa ko Glavda a gida, Hausa da Fulatanci a waje, Ingilishi harshensa na uku ne ko na huɗu. Ya ci jarrabawa, amma shafi ɗaya na littafin jami'a kan ɗauke shi rabin sa'a. Ga gwaji mai sauƙi da kowane uba ko uwa za su iya yi ko da ba su taɓa shiga aji ba: ba shi shafi ɗaya ya karanta, a rufe littafin, ya gaya maka abin da ke ciki da harshen da kuke yi a gida. Idan ya iya, ya fahimta. Idan sai maimaita kalmomin Turawa yake yi, akwai sauran aiki. Tsakanin gama jarrabawa a watan Yuni da buɗe jami'a wajen watan Oktoba akwai watanni uku zuwa huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A watannin nan ɗalibi ya saurari labaran rediyo da Faransanci kullum yana rubuta abin da ya ji, ya nemi abokin da ya bi ɓangaren Faransanci su riƙa musaya, wannan ya koya wa wannan. Idan an fara karatu, ya tambayi kowane malami tun makon farko ko zai iya rubuta amsa da Ingilishi. Da yawa suna yarda, amma sai an tambaya da wuri.

Sai giɓin da gudu ya bar mana. An buɗe sansanin nan a 2013. A watan Maris na 2014 gwamnatin Borno ta rufe makarantu saboda hare-hare. Yaran da suka tsallako daga Gwoza da Bama da Banki suna 'yan firamare, su ne yau suke bakin ƙofar jami'a. Wani ya yi shekara ɗaya bai ga allo ba, wani biyu, wani da aka zo sa shi aji an duba tsayinsa ne aka tura shi gaba don kada ya zauna da ƙannensa. Ba laifin yaro ba ne, ba laifin iyaye ba ne. Amma ramin yana nan. A darasin tarihi za ka iya tsallake babi ɗaya ka fahimci na gaba. Lissafi kuwa kamar ginin bulo yake, idan layi na uku babu, na goma ba ya tsayawa. Yaron da bai ƙware a rabe-raben lamba da aljabara ba zai iya lallaɓawa ya wuce sakandare, amma ranar da ya shiga sashen tattalin arziki ko kimiyyar kwamfuta ko injiniya, ramin zai buɗe a ƙarƙashinsa. Mutane da yawa suna zaɓar tattalin arziki suna zaton gudun lissafi suka yi, sai su tarar da shi zaune yana jiransu tun zangon farko.

Haka kuma ɗalibin kimiyya da ya koyi gwaje-gwaje a kan allo, bai saba riƙe kayan awo da hannunsa ba. A jami'a ana ba da maki a kan aikin ɗakin gwaji da rahoton da aka rubuta a kai. Maganin wannan giɓi ba shi da daɗi amma yana aiki: ɗalibi ya koma ya ɗauki littafin ajin baya, na ƙaninsa ma in ta kama, ya zauna da malamin lissafi ya ce masa, “Nuna mini inda na yi rauni.” Mu malamai mun fi son wannan tambaya fiye da kowace gaisuwa.

Iyayena, yanzu da ku nake, kuma ku yi mini haƙuri. Kowa yana son a ce ɗansa likita ne. Bayan abin da muka gani na rashin asibiti a hanya, babu mai ganin laifinku. Amma shiga karatun likita, ko makarantar horon malamai, ko ta injiniyoyi, a ƙasar nan sai an ci jarrabawar gasa ta musamman, guraben kaɗan ne, ana kuma sa iyakar shekaru. Kafin a kashe kuɗin takardu, a fara tambaya ko ana karɓar wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma da wane sharaɗi. Sannan cin darasi biyu a babbar GCE na iya buɗe ƙofar jami'a, amma kowane sashe yana da darussan da yake nema. Yarinyar da ƙarfinta ke wajen harshe da tarihi, idan aka tura ta sashen kimiyyar halittu don kawai a ce tana hanyar likita, an haɗa ta da faɗuwa. Akwai kuma ɗalibin da ya zaɓi sashe don abokinsa na can, ko don nan ne aka ce akwai sauran wuri. Shekara uku ana kwana ana tashi da abin da zuciya ba ta so, da wuya a kai ƙarshe. Ku zauna da yaro da takardar sakamakonsa da malaminsa, ku uku, kafin a cike fom.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan abin da na ga ya fi cin yaran da suke da ƙoƙari, wato rashin sanin yadda jami'ar ke lissafa ci da faɗuwa. Tsarin da ake bi a nan shi ne wanda ake kira LMD: digirin farko, wato lisans, shekara uku, masta shekara biyu, sai dokta. Kowace shekara zango biyu ce. Kowane darasi yana da nauyinsa, wanda suke kira kiredi. Zango ɗaya kiredi 30, shekara 60, digirin gaba ɗaya 180. Ana ba da maki a kan 20, kuma 10 ne bakin gaɓa. Darasin da ka kai 10 ka karɓe kiredinsa. Wanda ba ka kai ba ya zama bashi a wuyanka, kuma bashin ba ya yafuwa don ka wuce aji.

Makin darasi kuma ba a ranar babbar jarrabawa kaɗai ake samunsa ba. Akwai gwaje-gwajen tsakiyar zango. A sassa da yawa waɗannan suna ɗaukar kashi 30 cikin ɗari, babbar jarrabawa kashi 70. Ku saurari wannan lissafi da kyau. Ɗalibin da ya samu 12 a gwajin tsakiya, 9 da ɗan ɗori ya ishe shi a babbar jarrabawa ya tsallake. Wanda bai zauna gwajin ba kuwa, sifiri aka rubuta masa, sai ya samu sama da 14 kafin ya kai 10. Wanda ya taɓa karatu a tsarin Faransanci ya san 14 ba a tsintar ta a ƙasa. Kun ga kwana ɗaya na rashin zuwa aji ya iya cinye darasi sukutum.

To me ke hana yaro zama gwajin? Sau da yawa mu ne. An kira shi gida don biki, ko don a taya girbi, ko don wani bai da lafiya. Wani lokaci kuma tantancewa ce ta zo a sansani, dole a gan shi. Idan irin wannan ta taso, ɗalibi ya zo ofishin ilimi ko ya kira tun kafin ranar, a ga yadda za a daidaita, ya kuma sanar da sashensa a rubuce. Sauran kiraye-kirayen kuwa, don Allah a duba kalandar makaranta tukuna. 'Ya'ya mata sun fi shan wannan kira, domin duk abin da ya faru a gida su ake fara tunawa. Haka batun isa makaranta a makare. Ana jiran takarda, ana jiran kuɗin mota, sai yaro ya isa bayan mako uku ko huɗu. Zango bai fi wata huɗu ba. An riga an raba rukunonin aiki, an ba da takardun darasi, wataƙila har an sa ranar gwajin farko. Ya fara tsere ne ana gabansa da nisa.

Akwai jarrabawar cike giɓi, wadda ɗalibai ke kira ratirapaj, ga wanda ya faɗi darasi. Rahama ce, amma kada a jingina da ita. Darasi ɗaya ko biyu ana iya ceto su a can. Wanda ya je da shida, a cikin 'yan kwanaki, da wuya ya fita da rabi. Ragowar su bi shi shekara ta gaba, lokutansu su yi karo da na sababbin darussa, bashi ya hau kan bashi.

Wani abin kuma ƙarami ne a ido amma yana ɓata shekara: suna. A katin gudun hijira an rubuta Muhammadu, a takardar GCE Mohamadou, a rajistar jami'a wani abu dabam. Ko ranar haihuwa ta sha bamban. Sai a liƙa sakamako yaro ya ga babu makinsa alhali ya zauna jarrabawar. Idan haka ta faru akwai takardar koke da ake rubuta wa sashe, kuma kwanaki kaɗan ake bayarwa. Wanda ya taho hutu bai tsaya ya ga sakamako da idonsa ba, kafin ya koma an rufe. Ku fito da takardun yaranku yau da dare ku jera su, a duba harafi da harafi. Ɗalibi kuma ya haddace lambar rajistarsa kamar sunansa, ya rubuta ta daidai a kan kowace takardar jarrabawa.

Game da yadda ake karatun, a sakandare malami ya san sunanka, in ba ka zo ba zai aika a tambaya. A babban ɗakin lakca na shekarar farko babu mai neman ka. Wannan 'yanci ya kayar da yara masu kaifin kai fiye da yadda kuke zato, musamman wanda ya saba zama na ɗaya ba tare da wahala ba. A lissafin tsarin, kowane kiredi aikin sa'a ashirin ne ko fiye, har da wanda ɗalibi zai yi shi kaɗai. Kiredi 30 ke nan sa'a 600, wato kusan sa'a 40 kowane mako, kamar ma'aikaci. Wanda ke zuwa lakca kawai ya koma ɗaki ya kwanta, rabin aikin ya yi.

Yaranmu da yawa suna da baiwar hadda, kuma ban raina ta ba, tana da amfani ƙwarai a shari'a da kimiyyar jiki. Sai dai malamin jami'a yakan juya tambaya, ya kawo misalin da ba a taɓa yi a aji ba, ya ce ka warware. Nan hadda kaɗai ba ta isa. A nemi tambayoyin shekarun baya wajen waɗanda ke gaba, a zauna mutum uku ko huɗu ana amsawa, kowa ya yi wa sauran bayani da bakinsa. Kuma kada rukunin ya zama 'yan Minawao zalla. Na san daɗin zama da naka, amma idan duk ku huɗu ba ku ji abin da malam ya ce ba, wa zai gaya wa wani?

Kwamfuta ba zan daɗe a kanta ba. Wanda zai tafi ya koyi buga rubutu, ya buɗe adireshin imel, ya iya aika takarda. Sanarwar canjin ɗaki ko ranar gwaji yanzu a zauren WhatsApp na aji take fitowa, wanda ba ya ciki shi ne na ƙarshen ji. Kwafo aikin wani daga intanet ko shiga jarrabawa da 'yar takarda kuwa, hukuncinsa na iya kaiwa ga kora, kuma ɗan gudun hijira ba shi da wata jami'ar da zai koma gobe.

Masu neman tallafin DAFI, wanda gwamnatin Jamus ta fara a 1992 kuma hukumar 'yan gudun hijira ke gudanarwa, ku sani ba a ba da shi a juya baya. Ana bin sakamakon ɗalibi, kuma ci gaban tallafin yana rataye da ci gaban karatu. Shi ya sa ɓoye faɗuwa ya fi faɗuwar kanta haɗari. Yaron da duk unguwa ta raka shi tasha, yana jin nauyin ya ce ya faɗi darasi uku. Sai ya yi shiru, a waya ya ce komai lafiya, har abin ya fi ƙarfin gyara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan an sani a zangon farko, ana iya nema masa mai taimako, ana iya duba canjin sashe. Idan sai a ƙarshen shekara ta biyu aka sani, zaɓin ya ragu sosai. Ku ma iyaye, yadda kuka karɓi labarin farko shi zai sa a kawo muku na biyu. In aka tarbe shi da faɗa da gori, ba za ku sake jin gaskiya ba.

Kada uwa ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta da abin tambaya. “Yaya karatu?” amsarta kullum “Alhamdu lillahi” ce. Ki tambaye shi: darasi nawa kake yi a zangon nan? An yi gwajin tsakiya, ka zauna duka? Cikin kiredi 30 nawa ka samu? Akwai bashin bara? Da wa kake karatu? Wanda amsarsa ke fitowa da lamba, yana kan hanya. Wanda ya fara kewaye-kewaye, ki sa shi ya zo da takardar makinsa idan ya zo hutu, ku kawo mana mu karanta tare.

Takardar makin nan tana da wani amfanin. Tun bayan yarjejeniyar 2017 tsakanin Kamaru da Najeriya da hukumar 'yan gudun hijira, wasu iyalai sun koma gida da son ransu, wasu kuma suna shawara. Iyalin da ke da ɗalibi a tsakiyar karatu su sa wannan a cikin lissafinsu. A Najeriya yawancin digirin farko shekara huɗu ne, hanyar shiga ta JAMB ce, yadda ake ba da maki ma daban ne, kuma babu tabbacin za a lissafa masa shekarun da ya yi a nan. Wanda saura masa shekara ɗaya, ni dai shawarata a bar shi ya ƙarasa. Wanda kuma tafiyar ta zama dole, kada ya bar Marwa sai da takardar makin kowane zango mai hatimin jami'a a hannunsa, da asalin takardun GCE, da kwafinsu a ajiye wajen wani daban.

Ɗaliban ajin ƙarshe su tsaya bayan an tashi, kowa da takardun da ya zo da su, za mu fara duba sunaye da ranakun haihuwa yanzu. Waɗanda suke hutu daga jami'a kuma ina roƙonku ku zauna tare da mu, ƙannenku suna da tambayoyin da ku kuka fi mu sanin amsarsu.